Yadda Ake Karanta Labarin Binciken Kisa na Zamanin Yaƙi a Makirufo Ba Tare da Murya Ta Tona Asiri Ba

Akwai wata jimla da ta taɓa cinye mini dare guda a Garwa, a arewacin Kamaru: "Ya ce ya kashe shi." A takarda kalmomi biyar ne kawai. Amma in ka ja "ya" ta biyu da dogon wasali, mutumin ikirari ya yi, da hannunsa ya yi kisan. In ka gajarta ta ka saukar da murya, umarni ya bayar, wani ya aika. Rubutun boko ba ya nuna tsawon wasali ko karin sauti, don haka mai karatu da ido yana iya wucewa da shakkunsa a zuci. Mai karatu a makirufo dole ya zaɓi ɗaya, kuma abin da ya zaɓa shi mai sauraro zai riƙe har ƙarshen littafi.

Labarin da nake ɗauka a lokacin an gina shi ne a Garwa ta 1915, sa'ad da sojojin Ingila da na Faransa suka yi wa Jamusawa ƙawanya. An tsinci gawar wani madugun goro a bakin Binuwai, tafintan bariki ne yake bin diddigi. Na karanta jimlar a matsayin ikirari, ashe marubuciyar umarni take nufi, kuma sai a babi na 17 abin ya fito fili. Babi uku na sake ɗauka, domin duk maganar mutumin da ta biyo baya na riga na ba ta nauyin mai jini a hannu.

Mu da muka fara wannan sana'a da littattafan soyayya mun saba da sakin murya ta bi zuciya. Labarin bincike ba ya lamuntar haka. Kai ka san wanda ya yi kisan tun kafin ka kunna na'ura, amma muryarka ba ta da izinin sani sai ranar da marubuci ya ba ta. Duk matakan da ke ƙasa wannan suke yi wa hidima.

Mataki na farko: izini

Ka nemi marubuci kafin ka ɗauki ko da shafi ɗaya. Ku rubuta yarjejeniya ko da ta layi goma ce: inda za a saka karatun, wa zai karɓi kuɗi, kashi nawa kowa zai ɗauka, da kuma ko an yarda ka gyara kalma. Littattafan Hausa da yawa suna yawo a YouTube masu su ba su sani ba, kuma wannan cin haƙƙi ne. Ban da haka, a irin wannan labari za ka buƙaci lambar marubucin kusan kullum, saboda jimloli irin wadda na faɗa a sama.

Mataki na biyu: karatu sau biyu, da biro a hannu

Karatun farko ka yi shi kamar kowa, ba biro, ba tsayawa. Abin da kawai za ka rubuta shi ne, a ƙarshen kowane babi, wa kake zargi. Wannan 'yar takarda ka adana ta da kyau, domin ita ce kaɗai shaidar yadda wanda bai san ƙarshe ba yake ji. Da zarar ka san mai laifi, ba za ka sake samun wannan jahilci mai amfani ba, kuma shi kake so ka mayar wa mai sauraro.

A karatu na biyu ne aikin yake. Ka yi alama iri uku.

Ta farko ta kalmomin da rubutu ya haɗa amma baki ya raba. Gari na mutane da gari na tuwo. Kuka na hawaye da kuka ta miya. Wuya na jiki da wuya ta wahala. Fari na launi da fari na rashin ruwa. Yawancinsu jimla tana warware su, amma ido yakan riga hankali, sai ka ji ka faɗi wanda bai dace ba. Waɗanda suka fi haɗari su ne ƙananan: ya, ta, da, ma. "Da ya zo" tana iya zama lokacin da ya zo, tana iya zama da a ce ya zo. A bakin shaida gaban alƙali, tsakanin waɗannan biyun akwai ran mutum. Duk wadda ba ka tabbatar ba, ka tara su ka kira marubuci. Sannan marubuta da yawa da suke bugawa a waya ba sa sa ƙugiya, sai ka ga "kasa" ba ka san ƙasa ce ko kasawa ba. Ka bi ka sa ƙugiyoyin da hannunka.

Alama ta biyu ta alamomin gano mai laifi ce, wato 'yan abubuwan da marubuci ya binne a tsakiyar zance. Ta uku kuma ta tarkuna, abubuwan da aka ajiye don a karkatar da zargi. Ka ba su launi daban-daban, ba don ka karanta su daban ba, sai don ka san inda za ka tsare bakinka.

Mataki na uku: sanin wane yaƙi kake ciki

Ba a ce ka zama masanin tarihi ba, amma murya tana bin abin da kai ya sani. Yaƙe-yaƙen da suka ratsa ƙasarmu ba kamanninsu ɗaya ba.

A Garwa, sojojin Ingila da suka taso daga Yola sun kawo hari a ƙarshen Agustan 1914, Jamusawa suka kore su, har kwamandansu Maclear ya mutu. Suka dawo tare da Faransawa, aka yi ta ruwan igwa daga 31 ga Mayu zuwa 10 ga Yunin 1915, ranar da Jamusawa suka miƙa wuya. Labarin da aka sa cikin waɗannan kwanaki yana da agogo a wuyansa: mai bincike ya san in gari ya faɗi, shaidu za su watse, wanda yake yi wa aiki ma zai zama fursuna. Karatunsa yana son numfashi gajere.

Mora daban take. Kyaftin von Raben ya hau dutse da sojojinsa tun Agustan 1914, bai sauko ba sai 18 ga Fabrairun 1916, kuma shi ne sansanin Jamus na ƙarshe da ya miƙa wuya a Kamaru. Wata goma sha takwas na yunwa da ƙishi da zaman jira. Wanda ya karanta labarin Mora da saurin labarin Garwa ya ɓata shi. Mutanen da ke kan wannan dutse ba su da ƙarfin ɗaga murya.

In kuwa labarin na Yaƙin Duniya na Biyu ne a Chadi, fagen daga yana can arewa cikin hamada. Gwamnan Chadi Félix Éboué ya bi bayan de Gaulle, jagoran Faransawan da suka ƙi miƙa wuya ga Jamus, ranar 26 ga Agustan 1940, rundunar hafsan Faransa Leclerc ta ci Kufra a Libiya ranar 1 ga Maris 1941, kuma ranar 21 ga Janairun 1942 jirgin saman Jamus guda ɗaya ya ratso Sahara ya jefa bama-bamai a ma'ajiyar man jirage ta Fort-Lamy. Yaƙin da mutanen gari suka gani na manyan motoci ne, da gangunan mai, da ɗaukar samari soja, da jita-jita a kasuwa. Muryar irin wannan labari ta raɗa ce da waige-waige.

Sanin nan zai sa ka tsinci kurakuran da suka kuɓuce wa marubuci. Sunan N'Djamena sai a 1973 aka raɗa shi. Kafin nan Fort-Lamy ce, sunan hafsan Faransa da ya mutu a yaƙin Kusuri na 22 ga Afrilun 1900, ranar da aka kashe Rabeh. Kuɗin sefa sai a Disamban 1945 aka ƙirƙiro su, don haka madugun 1915 ba zai biya bashi da sefa ba. In ka ga irin wannan, kada ka gyara da kanka a makirufo. Ka kira marubuci ka ce, "Hajiya, ga abin da na gani a shafi kaza, yaya kike so a yi?" Wataƙila kuskure ne, wataƙila kuma da gangan aka sa don mai bincike ya kama maƙaryaci da shi.

Sunayen Turawa ka rubuta su yadda za ka faɗe su, a gefen takarda: fon Raben, Laklar, Ebuwe, For-Lami. Ka tsaya kan lafazi ɗaya daga farko har ƙarshe. Sunayen garuruwa da unguwanni kuwa, tsofaffi za ka tambaya. Na taɓa zama da wani dattijo bayan la'asar na ce, "Baba, Allah ya ƙara maka lafiya, yaya iyayenku suke kiran sojan Jamus?" Ya ce, "Ɗana, ai Jaman ake cewa." Da ya faɗe ta, na ji wani nauyi a kalmar da babu shi a takarda, kuma da shi na yi amfani.

Mataki na huɗu: rabon muryoyi

Nan ne aka fi yin ɓarna. Labarin Garwa ko Marwa ko Kusuri ba ya rasa Bafulatani, Babarbare, Balaraben Shuwa, Bature, da sojan da ya koyi Hausa a bariki. Jaraba ita ce ka kwaikwayi harshen kowa yadda 'yan wasan barkwanci suke yi. Kada ka yi. Mai sauraronka a nan sau da yawa shi kansa Fulatanci ne harshen gidansu, ko Larabcin Chadi, kuma ba zai zauna awa takwas ana yi wa kakansa dariya ba. Ban da haka, wanda ka mayar abin dariya ka cire shi daga jerin waɗanda ake zargi, ka rage wa labarin mutum guda.

Abu uku sun isa su raba mutane: saurin magana, kaurin murya, da inda mutum yake tsayawa ya ja numfashi. Lamiɗo ba ya gaggawa, domin ba wanda zai katse shi. Tafinta yana jinkiri kaɗan kafin ya amsa, saboda ya saba auna magana tsakanin harsuna biyu. Matar madugu tana magana daga bayan labule, gajeru-gajeru. In namiji ne kai, kada ka matse maƙogwaro don yin muryar mace. Ka sassauta kawai. Hafsan Jamus da yake magana da yarensu, marubuci ya rubuta da Hausa, ka karanta da Hausa mai kyau. Sojan da marubuci ya sa wa barikanci, yana ce wa mace "ya zo", ka faɗa yadda aka rubuta, ba ƙari. Hausa ce harshen umarni a rundunar da Ingila ta kawo daga Najeriya, kuma da yawa cikin sojojin ba Hausawa ba ne.

Ka ɗauki daƙiƙa goma na muryar kowa ka ajiye a fayil daban. Wanda ya fito a babi na 2 ya ɓace sai babi na 20, da wannan za ka dawo da shi yadda yake.

Sai mai laifin kansa. Ka karanta shi yadda yake so mutanen da ke zauren su gan shi. In mai fara'a ne, ka ba shi fara'a ta gaskiya. In mai yawan salati ne, salatinsa ya fito daga zuci. Kada ka sa masa sanyi a ƙarshen jimla, kada ka yi ɗan shiru kafin ya amsa tambaya, sai in marubuci ya rubuta cewa ya yi shiru. Kuma kada ka wuce gona da iri ka wanke shi fiye da kowa, domin masu sauraron da suka saba sun san wanda aka fi wankewa shi ne ɓarawo.

Haka alamomi. A ce marubuci ya lissafa abin da ke zaure: buta, buzu, allo, takalmi jiƙaƙƙe, fitila. Takalmin ne zai kama mutum a ƙarshe. Ka faɗe shi da saurin buta da fitila, amma kowane harafi ya fita. In ka jaddada shi ka tona asiri, in ka haɗiye shi ka cuci mai sauraro, domin shi ba zai iya juya shafi baya ba. Wataƙila yana kan babur, wataƙila tana tuƙa tuwo. Lokuta da lissafi su ne kaɗai nake yarda a ɗan rage musu sauri a ko'ina suka fito, na gaskiya da na tarko baki ɗaya: bayan isha'i, kafin asuba, kwarya uku ta goro. Tunda duk an yi musu haka, ba wanda zai fita daban.

Mataki na biyar: ɗaki da kayan aiki

Ɗaki ya fi makirufo muhimmanci. Ƙaramin ɗaki mai kaya a ciki ya fi falo mai tayil. Ka jingina katifa a bango, ka rataya barguna a bayanka da gabanka, ka shimfiɗa darduma. Ka tafa hannu sau ɗaya: in ka ji amsa-kuwwa, ƙara bargo. Rufin kwano yana ƙara da rana in ya yi zafi, da damina kuwa ko yayyafi ya isa ya tsayar da aiki.

Waya mai kyau tana iya aikin, in ka sa ta a yanayin jirgin sama kuma ka ɗauka a tsarin WAV, wato fayil ɗin da ba ya matse sauti. In za ka sayi makirufo, irin wanda ake kira dainamik ya fi dacewa da unguwanninmu, don ba ya kwasar ƙarar nesa sosai. Ka bar tazarar taƙi ɗaya tsakaninsa da bakinka, ka ɗan karkatar da shi gefe. Haruffanmu irin su ƙ da ts da b suna harba iska, sai ka ɗaura siririn mayafi a zoben waya ka sa a tsakani.

Lokaci mafi kyau a wurina daga ƙarfe goma sha ɗaya na dare ne zuwa kafin zakara ta fara, sa'ad da babura suka ragu, janareton maƙwabta ya mutu. Fanka dole a kashe ta. A watan Maris da Afrilu, da zafin Garwa yake haura digiri 40, minti ashirin nake yi in buɗe ƙofa in sha iska. Da hunturu kuma leɓe ke bushewa yana ƙara a makirufo. Ruwa mara sanyi a kusa, kuma ka bar goro da shayi mai sukari sai an gama.

Mataki na shida: ɗauka

Ka fara da rabin minti na shirun ɗakin, za ka buƙace shi wajen tacewa. In ka yi kuskure, ka tafa sau ɗaya, ka koma farkon jimla. Tafin zai fito kamar tsini a allon kwamfuta, sai ka same shi nan take. Manhajar Audacity kyauta ce, kuma tana da hanyar da za ta maimaita maka 'yan daƙiƙun baya sannan ta ci gaba da ɗauka daga inda ka yi kuskure, da maɓallan Shift da D. Babin da ake tona asiri ka ɗauke shi a zama ɗaya, da murya hutacciya, kada ka bar shi ƙarshen dare. Kuma ka rage sauri a cikinsa, domin a nan mai sauraro yake haɗa abubuwan da ya ji kwana goma da suka wuce.

Game da ƙarar bindiga da igwa da wasu suke saukowa daga intanet su liƙa: ni ba na sawa, kuma ina roƙon kada ka sa. Cikin masu sauraronmu akwai mutanen Mora da Kolofata da Fotokol da suka kwana cikin harbin Boko Haram, akwai waɗanda suka tsallako Kusuri daga N'Djamena da 'ya'yansu a watan Fabrairun 2008. Su sun san ƙarar gaskiya, ta kwamfuta ba za ta burge su ba, sai dai ta tayar musu da abin da suke ƙoƙarin kwantarwa. Inda igwa ta faɗo a labari, ka rage murya maimakon ka ɗaga. Mutumin da ya ga abin tsoro in yana ba da labari a hankali yake magana. Haka wurin bayanin gawa: ka faɗe shi a miƙe, ba rawar murya.

Mataki na bakwai: tacewa da awo

Ka yanke kurakurai, ka cike gurbinsu da shirun ɗakin da ka ɗauka, ba shirun kwamfuta ba, wanda kunne ke ji kamar an faɗa rami. Kada ka share numfashi duka. Maganin ƙara na manhaja ka sa shi kaɗan, in ya yi yawa murya takan koma kamar daga cikin tulu.

Ma'aunin da aka fi sani shi ne na ACX, dandalin da ke shigar da littattafai Audible, kasuwar littattafan saurare: matsakaicin ƙarfin sauti tsakanin -23 da -18 desibel, ƙololuwa kada ta haura -3, ƙarar ɗaki ƙasa da -60, fayil ɗin MP3 mai 192 kbps da 44.1 kHz. Dandalin na mazauna Amurka da Birtaniya da Kanada da Ireland ne, mu ba ma ciki, amma awon yana da amfani don ya sa babi na 1 da na 20 su zo da ƙarfi ɗaya. Ka fitar da kwafi biyu. Mai 192 yana cin kusan megabait 86 a awa, shi za ka adana. Mai 64 kbps yana cin kusan 29, shi za ka tura a WhatsApp da Telegram, inda kuɗin data ke sa mutum ya fasa saukewa.

Sunan fayil ya fara da 01, 02, ba 1, 2 ba, in ba haka ba wayoyi da ƙananan rediyoyi masu cin memori za su sa babi na 10 kafin na 2. A farkon kowane babi ka faɗi sunan littafi, na marubuci, da lambar babi, saboda in ya shiga hannun masu tura fina-finai a kasuwa, fayilolin rabuwa suke yi. Ka duba hoton da za ka sa da taken kowane babi kada su nuna fuskar mai laifi.

Mataki na ƙarshe: gwajin kunne

Kafin ka saki komai, ka sami wanda bai taɓa karanta littafin ba, ka ba shi kashi uku cikin huɗu, ka riƙe sauran. Sannan ka tambaye shi wa yake zargi, kuma me ya sa. Tambaya ta biyu ita ce gwajin. In ya ce saboda takalmin, ko saboda mutumin ya ce yana masallaci alhali liman bai gan shi ba, aikinka ya yi, ko ya canka daidai ko bai canka ba. Ka ɗauko takardar zargin da ka rubuta a karatun farko ka gwada da tasa. In sun yi kusa, ka mayar masa da labarin yadda ka same shi.

Goggona nake ba wa nawa, tana saurare tana gyaran gyaɗa. A labarin madugun goro, da ta kai babi na 12 ta aiko a kira ni. Ta ce, "Ɗan nan, dillalin ne." Na ce, "Goggo, me ya yi?" Ta ce, "Bai yi komai ba. Amma duk sanda zai yi magana sai ka haɗiyi yawu." Na koma na saurara da iyafis, ga shi nan kuwa, wuri tara. Na yanke guda shida, sauran ukun da suka manne da kalma na sake ɗaukar su a daren, sannan na kai wa wani maƙwabcinmu tela da bai ji ko babi ɗaya ba.